Kofi Mai Ƙafa Ɗaya na Kawu Ɗanlami

Duk wanda ya taɓa zama da Kawu Ɗanlami a Guangzhou ya san ba a miƙa masa abin sha a tsaya jiran ya sha. Ina! Sai ya fara zura hannu a aljihun kaftani, ya zaro wata tsohuwar safa ruwan toka, ya warware ta a hankali, sai ga kofin gilas mai dogon wuya da ƙafa ɗaya, irin wanda kuke gani a hannun Turawa a talabijin. Ya tsiyaya kaɗan, ya ɗaga wa haske yana kanne ido ɗaya, ya jujjuya, ya cusa hanci ya shinshina, ya kurɓa, ya yi ta yawo da shi a baki kamar mai alwala. Sannan ya yanke hukunci. Hukuncin nasa biyu ne kacal. Abin da ya wuce maƙogwaro salin-alin ya kashe ƙishirwa, sai ya ce, "Wannan yana tafiya da ƙafarsa." Abin da ya yi nauyi ko zaƙinsa ya yi yawa, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan sai an ɗauke shi." Ruwan rake, ruwan kwakwa, shayin gwangwani, har ruwan roba na kanti bai tsira ba.

Ni ce Hajara, 'yar ƙanwarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata. Da na fara sha'awar zuwa Cana saro mayafai da takalma, maigidana ya ce ba inda za ni sai da muharrami, shi ya sa na zama jelar Kawu. Shi kayan teloli yake saro wa 'yan kasuwar Kwari ta Kano, zif da maɓalli da zare. A unguwar Sanyuanli muke sauka, a wani bene da 'yan Kano da 'yan Maraɗi suka mayar gida, mata a hawa ɗaya, maza a na sama, falo ɗaya ake haɗuwa a ci abinci. Saboda haka duk abin da zan faɗa muku a gabana aka yi, wani ma da bakina aka yi shi, Allah ya yafe mini.

Da yawa sun ɗauka iyayi ne kawai yake damun Kawu. Akwai iyayin, ba na musu, amma akwai dalili. Matarsa, Inna Asabe, ciwon suga ya kama ta, likita ya raba ta da duk wani abu mai zaƙi. Inna ta haƙura da shayi, ta haƙura da alkaki, ta haƙura da dabino, amma ta ce zoɓo kam sai dai a kashe ta. Da bazara ta kama, sai ta yafa mayafi ta ce za ta duba maƙwabciya, ta dawo leɓe jawur. Sau biyu ana kwantar da ita a asibiti, a na biyun likita ya gaya wa Kawu ƙarara cewa in aka sake, ƙafarta ce za ta tafi. An gwada mata ƙwayar zaƙin nan ta kyamis, ta tofar ta ce ɗanɗanon tsatsa take ji. An dafa mata zoɓo lami, ta ce ita ba akuya ba ce. Shi ne Kawu ya ɗaura niyya.

"Uwata," ya ce da ni a jirgi, "mutanen da suka iya yin zif ɗin da ba ya cizo ba za su rasa zaƙin da ba ya kisa ba. Yana nan a garin nan. Nemansa ne ba a yi ba."

Kofin kuwa ga yadda aka yi ya same shi. Lokacin baje koli ne, shekara guda kafin wasannin Olamfik da aka yi a Cana. Mun fito daga yawon shaguna a titin Liuhua, zafin garin nan mai manne wa mutum riga a baya ya ishe mu, muka faɗa wani otal don kawai mu sha sanyin na'ura. Kawu ya ce ai sanyi ba a sayar da shi, mu zagaya kamar masu neman wani. Muna zagayawa muka faɗa wani zaure cike da kwalabe, ga wani Bature mai jan hanci tsaye bayan tebur, ya cusa hancin nan cikin kofi ya lumshe ido.

Kawu ya ja birki. "Uwata, me wancan yake nema a cikin kofi? Ƙuda ne ya faɗa?"

"Kawu, giya ce fa. Don Allah mu tafi."

"Na san giya ce, ai ba sha zan yi ba. Ke da kika yi boko, tambaye shi me yake shinshinawa."

Jama'a, ni Hajara, da hijabina har gwiwa, na tsaya ina yi wa kawuna tafintan giyar inabi! Ina yi ina waige, kada wani ɗan unguwarmu ya ɓullo. Baturen kuwa da ya ga dattijo da farin gemu yana sauraro, sai ya saki jiki. Ya ce ba kowace ake sha a kowane lokaci ba. Ja mai kauri ta lokacin sanyi ce, a sha ta da nama. In ana zafi kuwa, a nemi mara nauyi, mai haske, wadda in ka ɗaga kofin za ka hango yatsanka ta ciki. Ta kasance da ɗan tsami, don tsami ne yake tsinka yawu ya kori ƙishi. Zaƙi kaɗan, domin zaƙi mai yawa ƙishin yake dawo da shi. A sanyaya ta, amma kada a cika mata ƙanƙara, ƙanƙara tana kashe ƙanshi ta kashe harshe.

Kawu yana ta gyaɗa kai kamar yana gaban malami. "Ka ji ilimi! Wallahi bawan Allahn nan ya san ƙishirwa. To tambaye shi, me ya sa in ya kurɓa yake tofarwa a bokiti?"

Na tambaya. "Ya ce in ya haɗiye duk abin da ya ɗanɗana, kafin la'asar zai bugu."

"Allahu akbar! Ashe shi ma ya san abin da ke ciki. A bakin maƙogwaro yake tuba."

Baturen ya ji daɗin ɗalibin nan nasa, ya tsiyayo wata fara-fara ya miƙo wa Kawu. Kawu ya yi tsalle baya har hularsa ta karkace. "A'uzu billahi! Ce masa na gode. Ce masa ruwan nasa ne, kofin nake so." Baturen ya yi dariya har da hawaye, ya buɗe kwali ya zaro sabo fil ya ba shi. Duk da haka da muka koma masauki sai da Kawu ya yi masa irin wankin da ake yi wa kwanon da kare ya lasa, har da ƙasar da ya yakuto daga tukunyar fulawar mai gidan.

Malam Hadi, wanda yake ja mana salla a benen, bai ji daɗin ganin kofin ba. Ya ja Kawu gefe, amma gefen nasu kowa yana ji.

"Alhaji, da girmanka da gemunka? Wanda ya hango ka daga nesa da kofin nan, ga jan abu a ciki, me zai je ya faɗa a Kano?"

"Allah ya gafarta Malam, ba ku kuka gaya mana akwai giya a Aljanna ba, wadda ba ta bugarwa?"

"Akwai."

"To ku za ku je ku yi ta kwankwaɗa kamar kunu. Ni koyo nake tun daga nan, kada in je in yi ƙauyanci."

Daga ranar maganar ta zama ta Kawu, duk wanda ya yi masa tsiyar kofi amsar da zai samu ke nan.

Daga nan bincike ya kankama. Akwai wani lungu bayan masaukinmu inda wata tsohuwa 'yar Cana take da ɗan shago, ba shi da faɗin kirki, an jera manyan tuluna na jan ƙarfe. Liyanca take sayarwa, wato dafaffen saiwoyi da ganye da mutanen garin suke sha wai yana fitar da zafi daga jiki. Kawu ya ji an ce maganin zafi ne kuma ba sukari, sai ya ce, "Uwata, an zo wurin."

Ya yi mata sallamar da ya iya. "Ni hau, lawban!" Wato sannu, mai shago. Iyakar Canancinsa ke nan, sai "she-she" na godiya, da "meyo" na babu, wanda ya koya don yawan jin da yake yi.

Tsohuwar ta ƙare masa kallo, ta fito da harshenta, ta nuna nasa bakin. Ashe haka suke yi, sai sun duba harshen mutum kafin su san wane tulu za su ɗebo masa.

"Me take nufi? Gwalo take mini?"

"Kawu, harshenka take son gani."

Ya fito da shi a tsakiyar titi, dattijo mai jikoki. Ta leƙa, ta yi tsaki, ta nufi tulun can na ƙarshe ta tsiyayo wani abu baƙi ƙirin a kofin roba. Kawu ya ɗaga hannu ya dakatar da ita, ya zaro safa. Tsohuwar ta tsaya da baki buɗe tana kallon ya juye maganinta cikin kofin Turawa, ya ɗaga wa rana, ya jujjuya, ya shinshina. Ya kurɓa. Wallahi na ga gemun Kawu ya motsa shi kaɗai. Idonsa ya kawo ruwa, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma don taurin kai sai da ya gama yawo da shi a baki kafin ya haɗiye.

"Kawu, yana tafiya da ƙafarsa?"

Ya daɗe kafin murya ta dawo. "Uwata, wannan ba ya tafiya, ba a kuma ɗaukarsa. Shi yake ɗaukar mutum."

Kun san Kawu, abin da ya kayar da shi shi yake komawa. Kullum muka dawo daga manyan shagunan tufafi na Guangyuan sai ya biya ta wurin Kaka, sunan da ya raɗa mata ke nan, ya miƙa harshe, ya karɓi tulu na gaba. Ba ta jin Hausa, ba ya jin nata yaren, amma sai su yi ta musu kowa da harshensa, ita tana buga tebur, shi yana ɗaga kofi. Ya sha na fure ruwan ɗorawa ya ce yana tafiya amma da ɗingishi. Ya sha na kabewa ya ce an cika masa sukari. Kullum tambayarsa ɗaya, ya lashi yatsa ya lumshe ido alamar zaƙi, sannan ya nuna gwangwanin sukarinta ya kaɗa hannu. Kullum amsarta ɗaya: "Meyo." A tunaninta dattijon rowa ce take damunsa, yana son zaƙi ba ya son biyan kuɗin sukari.

Wanda ya fi kowa yi wa Kawu tsiya shi ne Issufu, wani ɗan Maraɗi mai saro kayan babur, mutum mai fara'a da ƙaton ciki. Shi ya raɗa masa Alhaji Faransa. Da Kawu ya zaro safa sai Issufu ya miƙe ya rusuna ya ce da Faransanci, "Bon apeti, patron!" wato a ci lafiya, maigida, falo ya ɗauki dariya.

To da muka koma a shekarar da ta biyo baya, wata rana ana tsakiyar Olamfik, 'yan ƙwallon Najeriya suna wasa da rana tsaka, falo ya cika, fanka tana juya zafi kawai. Sai ga Issufu ya shigo yana haki da kwali a kafaɗa, gwangwanaye masu sanyi har suna raɓa, kowane da hoton abarba ƙatuwa.

"Ku sha, ku sha, ni na biya! Lemun abarba na, mai sanyi. Yau ba mu jiran Alhaji Faransa."

Hannuwa suka miƙe, har da na Malam Hadi. Kawu ya ce, "Ku dakata." Aka yi masa ca, ana cewa yau dai ya bari a sha a huta. Ko a jikinsa. Ya fasa ɗaya ya tsiyaya a kofi. Abin da gwangwani ya ɓoye, gilas ya tona: kumfa ta taso fara sol ta tsaya a sama ta ƙi sauka. Ya ɗaga wa taga. Ya cusa hanci sau ɗaya ya janye da sauri. Bai kurɓa ba.

"Issufu, abarbar nan ta kwana a gidan da bai kamata ba."

"Mi kake nufi, Alhaji?"

"Ina nufin giya ce aka ɗaura wa zanen abarba."

Malam Hadi ya ajiye tasa kamar ta ƙone shi. Wani ya ce, "To kai Alhaji ina ka san warinta?" Kawu ya ce shagonsa na farko a Sabon Gari bayan wata mashaya yake, kwatarsu ta gaban ƙofarsa take bi, hancinsa ya yi digiri ba da son ransa ba. Aka sauka ƙasa da gwangwani wurin mai kantin da ya sayar. Mutumin ya yi dariya, ya haɗa yatsu biyu ya nuna wai kaɗan ce a ciki, ɗan mitsitsi, har yara suna sha. Sai muka ji salati daga baya. Issufu ne ya dafe ciki da hannu biyu.

"Wayyo ni! Patron, biyu na sha bisa matakala kafin in shigo!"

Kowa ya shiga ba shi baki, Malam yana cewa ai rashin sani ne, Allah ba ya kama bawa da shi. Kawu kuwa ya matso kusa da shi, ya rage murya, idonsa yana ƙyalli.

"Issufu, tsakaninka da Allah, ya ka ji ta? Tana tafiya da ƙafarta?"

"Haba Kawu!" na ce.

"To mene ne? Ya riga ya sha. Kada ilimin ya tafi a banza mana."

Daga ranar ba wanda ya ƙara cewa Alhaji Faransa. Duk sabon abin sha da ya shigo benen nan, Malam Hadi da kansa yake cewa a fara kai wa kofin Alhaji.

Sai dai lokaci yana ƙure mana. Shekarar nan saboda wasannin an tsaurara biza, ba a ƙara wa kowa kwana, wanda tasa ta ƙare sai ya tattara. Tamu saura 'yan kwanaki, ga azumi ya ƙarato. Likita ya hana Inna azumi, amma ba azumin ne abin tsoro ba, buɗa-baki ne, lokacin da kowane gida a layinsu yake aiko da jug ɗin zoɓo mai sanyi. Kawu ya san matarsa. Ya daina wasa a falo, har abinci ya rage ci. Na taɓa jin sa a waya yana cewa, "Asabe, ki ƙara haƙuri, na kusa," alhali ni na san ba abin da ya samu.

Wata la'asar muka biya wurin Kaka yin sallama. Ya miƙa harshe ba ƙarfi. Ta duba, ta duba fuskarsa, ta ɗaga haɓa alamar me ya faru. Kawu ya rasa ta inda zai ɓullo. Sai ya zaro hoton Inna daga cikin fasfo ya ajiye a tebur. Ya nuna hoton, ya kama ɗan yatsansa ya yi kamar yana tsira masa allura, ya matse kamar jini zai fito. Sannan ya nuna gwangwanin sukari, ya nuna ƙafarsa, ya yi alamar yanka.

Tsohuwar ta buɗe tafin hannunta ta miƙo mana. Kan yatsunta duk ɗigo-ɗigon baƙin tabo ne na allura. Ashe ita ma ciwon take fama da shi. Ta daki kafaɗar Kawu da faɗa, da alama cewa take don me bai faɗa ba tun bara. Ta sunkuya ƙarƙashin tebur ta ɗauko butar da take dafa nata na sha, ta tsiyaya masa. Ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, sai idonsa ya buɗe.

"Uwata, zaƙi! Ce mata ba na son na sukari."

Kafin in yi motsi ta buɗe butar ta tsamo abin da ke ciki, ta kuma ɗauko wanda ba a dafa ba daga leda. Wani busasshen ɗan itace ne, girman goruba, ruwan ƙasa, ba nauyi ko kaɗan, in ka matsa ya fashe kamar ɓawon ƙwai. "Lohango," in ji ta. Ta nuna shi, ta nuna yatsunta masu tabo, ta ɗaga babban yatsa.

Washegari ta rufe shago ta sa mu a tasi zuwa kasuwar masu maganin gargajiya. Muna cikin cinikin lohango sai Kawu ya ƙame a gaban wani shago. An zuba wani jan abu a kwalbar gilas mai murfin zinare, an ɗora a can sama kamar turare.

"Uwata, ko idona ne? Wancan ba zoɓo ba ne?"

Zoɓo ne, jama'a, zoɓonmu na kasuwar Rimi da ake aunawa da kwano, a nan ana auna shi a sikelin masu gwal. Da aka faɗi kuɗin Kawu ya dafa bango. Ya ce ko a mafarki ba zai sayi zoɓo da kuɗin Cana ba, kakanninsa za su tashi. Amma yana bukatarsa don gwaji. Sai ya koma sana'arsa, ya gyara tsayuwa kamar mai shirin cika kwantena, ya ce, "Sampul, lawban, sampul." Ya fito da zoɓo cikin tafin hannu kyauta, yana tafe yana she-she.

Kwanakin da suka rage falonmu ya koma ɗakin gwaji. Butar lantarki ba ta huta ba. Na farko ya zuba lohango guda cur, ya fito da zaƙi kamar zuma, ya ce sai an ɗauke shi. Na biyu tsami ya kama mana haƙora. Issufu, wanda ya tuba ya zama almajirin kofi, ya kawo ƙanƙara zai zuba, Kawu ya buge hannunsa ya ce, "Ba ka ji abin da Malam Bature ya ce ba? Ƙanƙara tana kashe harshe." Ya rage zoɓon har ya zama ana hango yatsa ta cikin kofin, ya sa rubu'in lohango, ya bar ɗan tsami, ya jefa citta, ya ajiye a firji ya yi sanyin randa. Ya ɗaga, ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa.

"Alhaji, yana tafiya?" in ji Malam Hadi.

"Malam, wannan gudu yake."

Ranar tafiya Kawu ya tura zif da maɓallansa ta kago, wato jirgin dakon kaya, akwatinsa kuwa ya cika shi da lohango. Da yake abin ba ya son matsi, sai ya sayo safa dozin-dozin a Guangyuan, ya sa kowane ɗaya a cikin tasa safar. Kayan sawarsa suka rasa wuri, don haka kaftani uku ya sa a jikinsa, ɗaya kan ɗaya, a cikin zafin nan, yana tafe yana ɗigar gumi. A filin jirgin Kano jami'in da ya buɗe akwatin ya ɗaga safa ɗaya, ya ga ƙwallo a ciki, ya ɗaga ta biyu, haka.

"Alhaji, wannan fa?"

"Maganin zaman lafiya da uwargida ne, ɗana."

Jami'in ya waiga hagu da dama, ya ce a taimaka masa da guda biyu.

Kawu bai yi gaggawa ba, sai da ya kai wa likitan Inna, aka yarda a gwada a riƙa duba jininta kafin ta sha da bayan ta sha. Ranar farko ta azumi ina gidan. An kira magariba, jug-jug na maƙwabta sun fara shigowa, ina ganin idon Inna yana bin su. Kawu ya fito daga ɗaki da kofinsa a hannu, jan abu yana ƙyalli a ciki, ya durƙusa a gaban tabarmarta.

"Kofin 'yan giya a gidana, Alhaji? Da azumi?"

"Sha dai, Asabe."

Ta karɓa da yatsu biyu tana harararsa, ta yi bisimilla, ta ɗaga kai ta juye shi duka a tashi ɗaya.

"Kai! Ba haka ake yi ba! Ki jujjuya, ki shinshina!"

Inna ba ta kula shi ba. Ta lashi leɓe, mu duka mun zuba mata ido. Can ta ce, "Citta ta yi kaɗan." Sannan ta miƙa masa kofin. "Ƙaro."

Kawu ya karɓa ya juya mana baya. Na ga ya zaro safar nan daga aljihu yana goge ido da ita. Ni ma ban san lokacin da nawa suka zubo ba, don tunda nake ban taɓa ganin namiji ya yi wa matarsa wahala irin wannan yana kuma yi kamar wasa yake ba.

Abin da ba mu taɓa kawowa ba shi ne shi zai riga ta. Shi ne mai lafiyar, shi ne mai yawo. 'Yan shekaru bayan nan, wata hantsi, ya dawo daga kasuwa ya ce kansa yana sarawa, ya kishingiɗa, shi ke nan. Da na koma Guangzhou da wani muharramin na biya lungun Kaka, na nuna gemu, na haɗa tafi biyu na kwantar da kai a kansu, na nuna sama. Ta je tulun ƙarshe ta tsiyayo baƙin nan mai ɗaukar mutum ta ajiye a inda yake tsayawa. Ni na shanye masa, kuma gaskiyarsa ce.

Inna tana nan da ƙafafunta biyu, ni nake kawo mata lohango duk tafiya. Tun tana cikin takaba ta sa aka ɗauko mata kofin. Mata 'yan gaisuwa suka riƙa zunguri juna, ga Hajiya da carbi a hannun dama, kofin Turawa a hagu. Ita kuwa sai ta ɗaga shi wa haske, ta jujjuya, ta shinshina, abin da ta ƙi yi yana raye. Wata ta kasa haƙuri ta ce, "Hajiya, wannan kofi fa?" Inna ta ce, "Koyo nake. Alhaji ya riga ni, ba na so in je in ba shi kunya."

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanlami, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda Kawu ya sanyaya wa Inna maƙogwaro. Ya Allah, ya ga ta duniya ya kau da kai, kofin kawai ya ɗauka. Ka cika masa shi da wadda ka yi alkawari, ka ba shi lokaci ya jujjuya ya shinshina yadda yake so, ka kuma ajiye wa Inna wuri a kusa da shi. Amin.